Otomatik ko giyar hannu: wace ƙaramar mota ce za ta iya da Damagaram?

Duk wanda ya tara kuɗin ƙaramar mota a Damagaram, tun kafin a zo zancen launi ko shekarar ƙira, tambaya ɗaya ce ke fara tare shi: otomatik zai saya ko mai giyar hannu? Masu ba da shawara kuwa ba su da wuyar samu. Tsofaffin direbobin tasha za su ce masa ya rufa wa kansa asiri ya ɗauki ta hannu, don otomatik in ta kwanta sai Kano. Matasan ma'aikata za su ce zamanin taka kulochi ya wuce. Kowane ɓangare abin da idonsa ya gani yake faɗa, kuma ba ƙarya yake yi ba. Sai dai ni a ganina tambayar ba ta cika ba. Motocin da muke kira otomatik a yau iri huɗu ne, ba abin da ya haɗa su sai rashin fedar kulochi. A cikinsu akwai wadda za ta yi shekaru tana shan zafin bazara ko tari ba ta yi ba, akwai kuma wadda ranar da ta tsaya, da wuya a samu mai tada ta a duk garejojin garin nan. Don haka abin da ya kamata mai saye ya bincika shi ne wace irin otomatik ce, wa zai gyara ta, wane mai take sha, kuma wace hanya za ta riƙa bi.

Ƙananan motocin da suka fi yawa a hannunmu, irin su Starlet da Yaris da ƙananan Peugeot, injinsu galibi lita 1.0 zuwa 1.4 ne, ƙarfinsu tsakanin doki 60 da 90. Irin wannan inji ba shi da ƙarfi sai ya ɗau juyi sosai, shi ya sa yake buƙatar akwatin giya, wanda makanikanmu ke ce wa bwat. Giya ta ɗaya tana ninka ƙarfin don mota ta tashi daga tsaye, ta biyar tana sassauta wa injin a kan doguwar hanya. A mai giyar hannu abin ba shi da sarƙaƙiya. Haƙoran ƙarfe ne a cikin kusan lita biyu na mai mai kauri, sai diskin kulochi da ke haɗa inji da bwat ko ya raba su in ka taka. Abin da ke cinyewa diskin ne da abin da ke matse shi, kuma yana ba da sanarwa tun da nisa: inji ya riƙa kuka mota ba ta ci gaba, feda ta riƙa kamawa can sama, wani lokaci ka ji ƙauri. Duk makanikin da ya ƙware, daga Zango zuwa Sabon Gari, zai sauke bwat ɗin da safe ya mayar kafin magariba.

Tsohuwar otomatik, wadda kamfanin General Motors ya fara fitarwa kasuwa a Amurka a 1939, wata duniya ce daban. Ba diski tsakanin inji da bwat. Wani kasko ne rufaffe cike da mai, inji yana juya fukafukai a cikinsa, man yana bugun wasu fukafukan, su kuma su ja mota. Akwai famfo da ke tura man da ƙarfi ta cikin ƴan siraran hanyoyi, ƙarfin man nan ne ke matse ƙananan faya-fayan da ke canza giya, kwamfuta kuma tana buɗewa da rufewa. Ka ga ke nan a otomatik mai ba shafawa kaɗai yake yi ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke canza giya, shi ke kwashe zafi. Ƙaramar bwat ta otomatik tana cin lita shida zuwa bakwai, kuma lafiyarta gaba ɗaya a kan lafiyar wannan man take.

A nan ne yanayin garinmu ke shigowa, kuma a nan nake so in daɗe, don shi ne abin da masu saye suka fi tsallakewa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa. Man otomatik ya fi son aiki wajen digiri 80. In ya riƙa haura 120, yana ƙonewa da sauri, ya yi duhu, robobin da ke riƙe shi su bushe su yi tauri, faya-fayan su fara sulɓi, sulɓin kuma ya ƙara haifar da wani zafin. Ina man yake huce zafinsa? A yawancin ƙananan motoci, a cikin lagireto. Akwai wani ɗan bututu a cikin tankin lagireton da man giya ke ratsawa, ruwan inji yana sanyaya shi. To duba yadda muke riƙon lagireto. Ruwan famfo ko na rijiya muke ɗurawa maimakon ruwan sanyaya inji na gaske, tsatsa ta yi ta cin ciki. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan gaba ba mai wankewa. Fanka ta mutu a yi mako ana lallaɓawa. Mai giyar hannu in inji ya yi zafi, inji kaɗai ya shafa. Mai otomatik kuwa kowane zafin inji zafin bwat ne. Mafi muni shi ne ranar da tsatsa ta huda wancan bututun, ruwa ya shiga cikin man giya. Za ka zaro ma'aunin mai ka ga ya koma fari-fari mai ratsin ja, kuma in aka ɗan yi tafiya a haka, faya-fayan ciki sun gama aiki. Da yawa daga cikin motocin da ake cewa otomatik ɗinsu ta mutu ba dalili, lagireto ne ya kashe ta.

Sai zancen man kansa. Jan mai ba duka ɗaya ba ne. Tsofaffin Toyota suna shan wanda ake kira Dexron, na bayansu T-IV, na baya-bayan nan WS, kuma galibi an rubuta sunan a jikin ma'aunin ko a littafin motar. Launinsu ɗaya amma kaurinsu da yadda suke kama faifai daban. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ganin an tsiyayo jan mai daga jarka marar suna an ɗura wa motar da mutum ya yi shekaru yana tara kuɗinta, don kawai ya fi araha da jika biyu ko uku. Wasu motocin kuma ba su da ma'auni ko kaɗan, an ce mansu na har abada ne. Wannan magana ta ƙasashen sanyi ce da hanyoyi masu santsi. A zafinmu da ƙurarmu, shawarata a canza shi tsakanin kilomita 40,000 da 60,000. A kuma sani cewa in an kwance ƙusar ƙasa, lita biyu zuwa uku kaɗai ke zuba, sauran yana maƙale a cikin kaskon, shi ya sa in man ya tsufa sosai ake juye shi sau biyu da ɗan tazara a tsakani.

Duk da wannan, irin otomatik ɗin da na bayyana, mai giya huɗu ta Toyota wadda za ka ga P, R, N, D, 2, L a jere a wurin sandar giya (P na ajiyewa, R na baya, N babu giya, D na gaba, 2 da L ƙananan giyoyi), ita ce mafi juriya a cikin huɗun. Ba ta da gudu, ba ta da tattalin mai sosai, amma tana yafe kuskure, kuma an daɗe da saninta a garejojin ƙasar Hausa.

Iri na biyu shi ne ya fi yaudarar mutane. Daga waje otomatik ce, feda biyu. A ciki kuwa bwat ɗin hannu ce da diskinta na kulochi, sai aka ɗora mata ƙananan motocin lantarki da ke taka kulochi su canza giya a madadinka. Toyota ta saka irinta a Yaris da Auris da Aygo na kasuwar Turai, tana kiranta MMT, kuma gane ta ba wuya: dubi sandar giya, ba harafin P, sai R da N da E da M. Ƙananan Suzuki da ake ƙerawa a Indiya ma suna da makamanciyarta. Tana da tattalin mai kamar ta hannu, amma ba ta son tafiyar rarrafe, ba ta son yashi, domin a nan kulochi ke yin rabin kamu yana ɗaukar zafi. In an canza mata diski kuma ba a gama ba, sai an jona kwamfutar bincike an koya mata sabon wurin kamu. In na'urar da ke taka kulochin ta gaza, harafin N ya riƙa ƙiftawa a gabanka, mota ta ƙi shiga giya ko da inji lafiya lau yake. Ba wai ƙirar banza ba ce. An yi ta ne don wurin da wakilin kamfani yake kusa. Wanda ke Damagaram, kusan kilomita 900 daga Yamai, ya yi tunani sau biyu.

Iri na uku CVT, wadda ba ta da giya ta ɗaya ko ta biyu sam. Wanda ya taɓa tsayawa gaban injin niƙa ya ga bel yana zagaya gargare biyu, ya riga ya ga tushenta, sai dai a nan bel ɗin na ƙarfe ne, gargaren kuma suna buɗewa suna tsukewa don canza gudu. Tuƙinta da daɗi, kuma sabuwarta tana iya fin ta hannu tattalin mai. Rauninta zafi da lodi da fizga. Bel ɗin ƙarfe yana kama gargaren ƙarfe ne da taimakon wani mai na musamman, in aka zuba mata jan man otomatik na yau da kullum, bel ya yi sulɓi ya karce gargaren, shi ke nan sai sabuwar bwat. Nissan ta daɗe tana amfani da ita a ƙananan motocinta. Yaris ta Turai mai otomatik daga 2011 ita take ɗauke da ita, haka mafi yawan Corolla na Amurka daga 2014. Lura da wannan da kyau: Yaris ɗin da aka sayar a Amurka ta ci gaba da tsohuwar bwat mai giya huɗu shekaru da dama bayan ta Turai ta bar ta. Suna ɗaya, jiki kusan ɗaya, ciki daban. Don haka sanin ƙasar da motar ta fito ya fi sanin sunanta amfani.

Na huɗu mai kulochi biyu ce, irin DSG ta Volkswagen da PowerShift ta Ford. Tana canza giya cikin ƙiftawar ido, amma kwakwalwarta da gyaranta sai ƙwararre mai kayan aiki. A ƙaramar motar gwanjo da za ta zauna a nan, ba na ba kowa shawararta. Masu haɗa fetur da lantarki na Toyota kuma, ko da yake ana kiran bwat ɗinsu da sunan CVT, ba bel a ciki kuma tana da ƙarko. Abin dubawa a gare su babban batirin ne, wanda shi ma ba ya shiri da zafi.

Me ya sa muke ganin wannan cakuɗa? Domin kusan duk motocinmu gwanjo ne da suka gama rayuwa ɗaya a wani wuri. Na Amurka da Kanada kusan duka otomatik ne, tsofaffin ƙananan motocin Turai kuma mafi yawansu na hannu. Shekara da shekaru ta tashar jirgin ruwan Kwatano suke shigo mana. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, hanya ta koma ta Lome ta ratsa Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru, kuma ba mota kaɗai abin ya shafa ba, har da kayan gyaranta. Yau in bwat ɗin otomatik ta mutu, abin da aka fi yi shi ne a nemo ta gwanjo daga Kano ko Maraɗi ko Yamai a ɗora. Ba ka san tafiyar da ta yi ba, ba ka san man da ta sha ba, kuma dole lambarta ta dace da injinka da kwamfutarka. Wasu in sun gaji sai su ce a juya motar ta koma ta hannu. Yana yiwuwa, amma aiki ne na feda da waya da kwamfuta da sandunan taya, kuma ba kowace ke fitowa daidai ba. Wanda ya sayi otomatik da niyyar in ta lalace ya juya ta, gara tun farko ya sayi ta hannu.

Yanzu mu hau hanya. A cikin gari, babbar fa'idar otomatik hutun ƙafa ne a cunkoso. Damagaram ba ta da irin dogon cunkoson Yamai ko Kano, amma wanda ke ratsa wajen kasuwar Dole da hantsi, tsakanin ƴan kabu-kabu da adaidaita da amalanke, ko yake kutsawa lungunan Birni inda katanga ke dama dutse ke hagu yara kuma na wasa a tsakiya, ya san sau nawa ƙafar hagu ke hawa da sauka. A irin wannan wuri otomatik tana barin hannu biyu a kan sitiyari, ido a kan hanya. Ga sabon direba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga dattijo mai ciwon gwiwa ko wanda ya taɓa karaya, shi ne bambancin ya tuƙa kansa zuwa masallaci da asibiti ko ya zauna jiran yaro. Masu cewa otomatik motar mata ce ko ta ragwaye, ban ga hujjarsu ba. Akwai matan da ke tuƙa ta hannu fiye da mazansu, akwai kuma mazan da ke cinye diski duk shekara saboda ƙafarsu ba ta sauka daga kan kulochi. Motar gida da hannu da yawa ke tuƙawa, yau maigida, gobe uwargida, jibi ƙane mai koyo, sau da yawa otomatik mai giya huɗu ta fi daɗewa a hannunsu.

A kan kwalta mai tsawo, ko ta Maraɗi ce ko ta Gure ko ta Matamai zuwa Kano, da zarar mota ta kai giyar ƙarshe bambancin kaɗan ne. Inda yake fitowa shi ne wajen wuce babbar mota. Ɗauki ƙaramin inji, mutum biyar a ciki, but cike da kaya, na'urar sanyi a kunne. Mai giyar hannu zai sauko ta uku tun kafin ya fita daga layinsa, ya fita da ƙarfinsa a hannu. Mai tsohuwar otomatik in ya taka totur sai bwat ta ɗan yi jinkiri kafin ta sauko, kuma tazarar da ke tsakanin giyoyinta huɗu tana da faɗi. Maganin wannan yana jikin sandar giya, ɗan maɓallin nan da aka rubuta O/D. Ka danna shi kafin ka fita, mota ta sauko ta uku, ka wuce, ka mayar. Da yawa sun yi shekaru da motar ba su taɓa sanin amfaninsa ba.

Yashi kuma fa? A nan mutane suna mamaki in na ce tsohuwar otomatik ba ta da laifi. Tana tashi a hankali ba fizga, ba ta mutuwa a tsakiyar rairayi, ba kuma diskin da zai ƙone. Ka sa ta a L ko 2, ka ɗan rage iskar taya, ka riƙe totur daidai. Mai giyar hannu in bai ƙware ba, rabin kulochi zai yi ta yi har ƙauri ya tashi. Amma in mota ta riga ta kafe, labari ya juya. Mai hannu zai iya lilo da ita gaba da baya har ta fita. Mai otomatik in ya yi ta buga D da R taya na juyawa a banza, cikin ƴan mintuna ya dafa man. CVT da MMT kuwa a nisanta su da wannan wasa. Gaskiyar magana ma, a hanyoyin ƙauye abin da ke tsayar da ƙaramar mota ƙasa-ƙasan cikinta ne, kuma murfin gindin bwat ɗin otomatik, inda mai ke taruwa, yana nan a ƙasa, na siririn ƙarfe, dutse ɗaya ya ishe shi. Da damina kuma, in ka ratsa ruwa mai zurfi ya shiga bwat ta hancin numfashinta, ta hannu a juye mai a ci gaba, otomatik kuwa sai an yi sa'a.

Akwai abu biyu da ta hannu ta fi tsohuwar otomatik, kuma a ƙasarmu suna da nauyi. Na farko turi. Zafi yana cin batir, ba ya kai shekarun da yake kaiwa a ƙasashen sanyi, kuma ba ya sallama kafin ya mutu. Ka je suna wani ƙauye bayan Mirriya, a gama addu'a a ci abinci, ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas. In ta hannu ce, sai ka kira samari uku, “Don Allah ku ɗan taɓa mini,” ka buɗe makulli, ka sa ta biyu, ka taka kulochi, su tura, ta ɗau gudu ka saki, ta yi tsalle ɗaya ta kama. Tsohuwar otomatik ko garin duka ya taru ba ta tashi da turi, domin famfon manta sai inji na juyawa yake aiki. Dole sai wani batir da wayoyin jona wuta. Duk mai otomatik da ba ya yawo da waɗannan wayoyi a but, ya saye su yau. Na biyu ja. Saboda wannan famfon dai, in aka ɗaura wa otomatik igiya aka ja ta tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa inji a kashe, cikinta yana juyawa ba mai, ta ƙone. Mota ta tsaya don ƙaramar matsalar wuta a hanyar Tanut, a jawo ta gari, a iso da matacciyar bwat. Sai dai a ɗaga gabanta ko a ɗora ta kan babbar mota, wannan kuma kuɗi ne.

Zancen shan mai, wanda aka fi yawan kafa hujja da shi, bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Tsohuwar otomatik tana ɗara ta hannu da kamar rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace kilomita 100. A ce kana yin kilomita 1,000 a wata, lita goma ke nan in ta yi yawa. Da farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa litar fetur a Yulin 2024, abin bai wuce jika biyar ba. Kuɗi ne, ban raina ba, musamman yanzu da ruwa-ruwa, wato man Najeriya da ake sayarwa a bakin hanya, ta daina zama mafakar da take a da, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya dawo kan man matatar SORAZ da ke nan arewa da mu. Amma taya marar iska da matatar iska da ƙura ta toshe suna iya cin fiye da haka. Wata ɗabi'a kuma da ya kamata a bari ita ce mayar da giya N a gangara da sunan tattali. Injin zamani yana yanke mai da kansa in ka ɗaga ƙafa mota na cikin giya, a N kuwa sai ya ci gaba da sha, ga shi ka rasa riƙon inji. Haka sa R mota ba ta gama tsayawa ba, da barin nauyin mota a kan P a gangare ba a fara jan birkin hannu ba. Ƙafar hagu kuma ta zauna a gefe, dama kaɗai ke aiki, domin wanda ya saba da kulochi yana iya danna birki da dukan ƙarfinsa ba shiri.

To wa ya kamata ya sayi wace? Wanda motar nan ita ce kaɗai abin hawansa, yana shiga ƙauye, yana ɗaukar buhu, ko zai sa ta haya, kuma in gyara mai nauyi ya taso zai taɓa cefanen gida, ya ɗauki ta hannu bai yi asara ba. Sayar da ita ma ba ya wuya, don masu haya da mutanen karkara ita suke nema. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa ofis ce ko kanti ko jami'a, da kai yara lakkol, da tafiyar kwalta jefi-jefi, kuma zai iya sayen man gaske a kan lokaci, tsohuwar otomatik mai giya huɗu za ta hutar da shi. Sauran ukun sai wanda ya riga ya san makanikin da ke da kwamfutar bincikensu, ya kuma san shagon da zai samu mansu na asali. Mai koyo kuwa, ko otomatik zai saya, ya koyi ta hannu tukuna, don ranar da lalura za ta kama a ce ga mota a kai mara lafiya, ba zaɓa masa za a yi ba.

In an zo saye, kada a yarda da motar da aka riga aka ɗumama. Dillali zai ce, “Alhaji, wannan ai ruwa kawai za ka zuba mata,” amma kai ka je da sassafe da makanikinka, ka taɓa inji ka ji shi da sanyi. Murɗa makulli ba tare da ka tada ba, ka tabbata fitilar inji ta kama a allo sannan ta mutu bayan ya tashi, domin akwai masu cire ƙwan don ɓoye matsala. Taka birki ka sa D, ka ƙirga: ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, a hankali, ba duka ba. Haka R. Sannan ku yi tafiyar rabin awa har ta yi zafi sosai, don yawancin ciwon otomatik sai da zafi yake fitowa. In inji ya yi ihu tsakanin giya da giya kafin ta kama, sulɓi ne. Da kun tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, zaro ma'aunin man giya ka goga a farar takarda. Ja mai haske ko ja mai ɗan duhu ba laifi. Baƙi mai warin ƙuna, ko mai ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ka mayar da makulli. Man da ya yi sabo fil a motar da sauran jikinta ya sha wuya, shi ma ka tambayi dalili. Buɗe murfin lagireto ma, amma tun da safe kafin a tada, ka ga ko ruwan jan tsatsa ne.

Ta hannu gwajinta ya fi sauƙi. Ja birkin hannu, sa ta uku, saki kulochi a hankali: inji ya mutu nan take, in ya ci gaba da aiki diski ya cinye. A kan hanya ka saurari ƙara wajen shiga ta biyu, ka kuma ɗaga ƙafa daga totur kwatsam ka ga ko sanda za ta fito da kanta. Diski da ya cinye ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne. Lambar kilomita da ke allo kuwa kada ka dogara da ita a kowace iri, ana mayar da ita baya. Dubi cinyewar robar feda da sitiyari da kujerar direba.

In ciniki ya faɗa a kan otomatik, kada kuɗin ya ƙare ƙaf a wurin dillali da duwan da takardu. A ware na aikin makon farko: a wanke lagireto ciki da waje ko a canza shi in ya yi tsatsa, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, a tabbatar fanka tana tashi a kan lokaci, a juye man giya da irin wanda aka rubuta mata daga galan rufaffe da ka buɗe da hannunka. Wanda zai riƙa doguwar tafiya da lodi a bazara, ya sa a ɗaura masa ƙaramin lagireton mai na daban a gaba, kuma ya rubuta lambar kilomitar ranar a cikin takardun motar don ya san lokacin juye na gaba.